Adashina ko Starlink ɗin ƙanen miji?

Assalamu alaikum Anti, don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce nan Sakkwato, wajen Mabera muke, gidan gado na, sassa huɗu: na Inna uwar mijina, na wan mijina da iyalinai, namu, sai ƙanen mijina da ke ɗakin zaure bai yi aure ba tukuna. Ina saida atamfa da leshi da turaren wuta ta WhatsApp da Facebook, da shi nike rufa ma kaina asiri don maigidana malamin makaranta na, albashi kuwa kin san yadda yake. Matsalata data. Duk kwana biyu sai na sa ta 1,500, ga ɗiyana ukku suna ɗauke wayar su kalli katun, ga netwok ɗin cikin ɗakina sai na fito tsakar gida na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin bidiyo ɗaya ya hau status. Ƙanen mijina ya gama jami'a shina ma wasu mutanen waje aikin kwamfuta, shi na ya kawo shawara a haɗa kuɗɗi a sayi Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam, kayan 590,000, kuɗɗin wata 57,000 a raba huɗu kowa ya huta. To amma yac ce tunda ni na fi kowa shan data in kawo 200,000, ya san ƙarshen watan ga ni ka ɗaukar adashi, kuma kuɗɗin nan na riga na yi niyyar saro kayan Sallah da su. Da nic ce bari in yi tunani maigidana ya hau faɗa wai ina da rowa, wai ai TikTok ke cinye min data ba sana'a ba. Inna ma ta kira ni tac ce in taimaka ma yaro. Facalata ko uffan, kuma na san ba su da abin kawowa yanzu. Wata ƙawata tac ce in sayi rauta, na'urar nan da ake sa ma sim ta raba intanet a gida, tawa ni kaɗai in huta da kowa. Yau kwana biyar daga gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da maigida. Wanne ya fi sauƙi Anti, kuma mi za ni yi kada a ce na raba 'yan'uwa?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa ma sana'arki albarka, ya kuma sanyaya zuciyar maigida. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma abu na farko da nike so ki ji daga gare ni shi ne ba ki yi laifi ba da kinka ce bari ki yi tunani. Mace ta yi wata da watanni tana zubi, tana hana kanta ɗan abin marmari, ranar kwasa ta matso sai a ce ta miƙa cikin kwana biyu, ai ko wace ce sai gabanta ya faɗi. Ba rowa ba ce. Amma kuma ba zan ce maki ƙanen mijinki macuci ne ba don ban ga alamar haka a cikin abin da kinka rubuta ba, yaro ne da ya ga abin da zai gyara mashi aikinsa, ya duba gidan ya ga inda kuɗi za su fito, lissafinsa ya tsaya nan. To mu mu ƙarasa mashi lissafin, don a cikin lissafin ne amsarki take, ba a cikin fushi ba.

Mu fara da abin da kike kashewa yanzu. 1,500 duk kwana biyu, a wata ya kama 22,500. Na san da kinka ga lambar nan a dunƙule sai da kinka ja numfashi, haka data take, tana fita da kaɗan kaɗan kamar tulu mai yoyo ba ka ganin ruwan sai ka ga ƙasa ta jiƙe. Kuma ba ke kaɗai ba ce, tun watan Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta yarje ma kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari, su da ma kashi ɗari cif sunka nema, kowa ya ji a jikinsa, mai saida kaya a waya kuma ya fi kowa ji don ita data a wurinki kamar kuɗin hayar shago ce.

Yanzu ga nasa lissafin. 57,000 a raba huɗu, kowane sashe 14,250. A baki ya yi daɗi, ƙasa da abin da kike kashewa. Amma ƙanwata tsakaninki da Allah, wa zai je sashen Inna ranar ɗaya ga wata ya ce Inna kawo 14,250 kuɗin intanet? Ba mai yi, kuma bai ma kamata a yi ba. Ke nan rabon uku ne ba huɗu ba, kowa 19,000. Kin kuma faɗa da bakinki cewa sashen facalarki ba su da abin kawowa yanzu, to duk watan da sunka gaza, rabon ya koma biyu, 28,500, kuma kin san a gidan wa za a kalla, wadda aka san tana juya kuɗi kullum. Sannan Starlink a gida yake zaune ba ya bin ki. Ranar da kinka shiga babbar kasuwa saro kaya kina turo ma kwastoma hoto ta zaɓa, ko kinka je biki Arkilla ko Gawon Nama ana ta turo maki oda, ko mai kai kaya ya ɓata hanya kuna waya ta WhatsApp, dole akwai data a layinki, ko ta 5,000 ce a wata. Maigida shi ma yini yake makaranta, tashi datar ba za ta ragu sosai ba. Haɗa 19,000 da 5,000, kin ga 24,000, har ya ɗara abin da kike kuka da shi yanzu, ga kuma 200,000 ta tafi. Ko da a ce komi ya tafi daidai an raba huɗun kowa na biya kan lokaci, abin da zai rage maki a wata bai wuce dubu uku da 'yan kai ba, kafin wannan rarar ta maido maki 200,000 sai an haura shekara biyar. Ke kuma kin san sau nawa za ki juya 200,000 daga yanzu zuwa Sallah, wannan ba sai na faɗa maki ba.

Akwai ma wani abu da na lura da shi, 590,000 in an raba huɗu 147,500 ne kowa, ba 200,000 ba. Hujjar wai kin fi kowa shan data ba ta shiga nan, don kayan ba sa ƙarewa saboda wani ya fi wani kallo, kuma in gaskiya za a bi, mai yini gaban kwamfuta yana taro ta bidiyo da mutanen waje yana tura manyan fayil, shi zai fi kowa morar abin nan nesa ba kusa ba.

Sai wuta, wadda ita ce mutane ke mantawa har sai an kafa farantin Starlink ɗin a saman kwano. Babban Starlink ɗin nan yana jan wat 75 zuwa 100, kamar ki bar fankar sama tana juyawa dare da rana ba kashewa. A lissafi ya kai yunit 54 zuwa 72 na mita a wata in har ana barinsa kunne, ki ninka da kuɗin da kuke sayen yunit ki gani. Wannan ma in akwai wutar ke nan. In babu, daga magariba zuwa wayewar gari kaɗai yana son abin da ya kai rabin cajin babban batirin nan na inbata mai 200Ah, su kuma irin waɗannan batura ba a son a zuƙe su fiye da rabi in ana so su yi ƙarko, ke nan batir guda sukutum nashi ne shi kaɗai, ban da fanel ɗin sola da zai cika shi. In kuwa janareta za a tayar saboda shi, tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kin san wannan ba magana ba ce. Ba ki ambaci sola a saƙonki ba, in gidan babu ita to 590,000 ɗin nan somin taɓi ne. Kuma gidan gado mai sassa huɗu, bango bayan bango, rauta ɗaya da ke ɗakin zaure da wuya waifai ɗinta ya ratso har ƙuryar ɗakinki da ƙarfi, sai an ƙara wata na'ura ko an ja waya, wani kuɗin ne. Kada ki biya 200,000 ki koma tsakar gida kina ɗaga waya sama kamar da.

Ban ce abin ba shi da kyau ba fa. Yana da sauri ƙwarai, ba ruwansa da ko akwai ƙarfen sabis kusa da ku don daga tauraron ɗan'adam yake ɗaukowa, sararin sama kawai yake so ba itace ba gini a gabansa, shi ya sa mutanen ƙauye da makarantu da asibitocin da ke nesa da gari sunka fi kowa cin moriyarsa. Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da ya fara aiki, a Janairun 2023. Sai dai ki dubi yadda farashinsa ya yi ta motsi: kuɗin wata 38,000 ne a da, a watan Oktoban 2024 sunka tashi maida shi 75,000 sai da NCC ta ce ba da izininta ba sannan sunka janye, a 2025 ya koma 57,000. Kayan ma daga 440,000 sunka koma 590,000. Abin da ke bin dala haka yake, ba wanda zai rantse maki cewa baɗi war haka 57,000 ɗin ce. Mai ɗaukar albashi da dala irin ƙanen mijinki in an ƙara ba zai ji sosai ba, ke mai cin riba da naira kan turmin atamfa ke za ki ji.

To mu dawo kan shawarar ƙawarki, don ta fi kusa da abin da ya dace da ke, amma ita ma kada ki yi gaggawa. Abin da ke cin ki yanzu abu biyu ne, sayen data ƙanana ƙanana, da rashin sanin inda take tafiya. Duk kamfanonin nan, MTN ne ko Airtel ko Glo, in aka duba kuɗin kowace giga (GB), babban ƙunshi na wata yana iya fin ƙaramin ƙunshi na kwana ɗaya ko biyu araha, ko da yake ba kullum ba, kamar mai awon shinkafa gwangwani gwangwani ne da mai ɗaukar buhu. Ki danna *312# a kowane layi, lambar ɗaya ce yanzu a duk kamfanonin tun da anka daidaita su a 2023, ki duba ƙunshin wata, ki raba kuɗin da yawan gigar, ki rubuta a takarda. Sannan ki raba 1,500 ɗinki da gigar da ake ba ki. Bambancin da za ki gani shi zai nuna maki wanda ya fi sauƙi. *323# kuma ita ke nuna maki abin da ya rage.

Kafin ki sayi komi ina so ki yi sati ɗaya kina bincike. Ki shiga setin ɗin wayarki wurin da ke nuna amfani da data, zai jero maki manhajoji ɗaya bayan ɗaya da abin da kowace ta sha a watan. Nan za a san gaskiyar maganar maigida. Kuma ki shirya ma abin da za ki gani ƙanwata, don ni kaina ranar da na duba tawa kunya ta kama ni, ina ta zagin kamfani ashe bidiyon girke-girke ne da nike kallo bayan isha'i har barci ya ɗauke ni wayar na ta yi ita kaɗai. Saƙon rubutu da hoto da muryar WhatsApp ba su cin komi, ko status ɗin da kike ɗorawa WhatsApp na matse shi kafin ya hau. Bidiyo shi ne kura. Awa ɗaya ta kallo da hoto garau tana iya lashe giga biyu zuwa uku, in an rage ingancin hoton zuwa lamba 480 ko 360 a setin bidiyon ba ta kai giga ɗaya ba, su kuma yara ba ruwansu da garau, katun dai ya motsa. TikTok da bidiyoyin Facebook su ma haka, suna loda na gaba tun ba ki gama na yanzu ba. Ki rage ingancin YouTube a wayar, ki kunna tsimin data a TikTok da Facebook, ki kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp don na san kina cikin guruf ɗin 'yan kasuwa da na dangi da na 'yan makarantarku da na unguwa, kowane bidiyon biki da wa'azi da aka turo yana sauka ko ba ki buɗe ba. Ki hana wayar yin afdet sai kin ba ta izini. Katun ɗin yara kuma ki sauke masu guda biyar ko shida da datar dare mai araha, su yi ta maimaitawa, yaro ba ya gajiya da abu ɗaya. Wallahi wannan kaɗai na iya zabge maki kaso mai tsoka ba ki sayi ko allura ba.

Sai maganar netwok a ɗakinki. Kada ki sayi rautar kowane kamfani don ƙawarki ta ce nata na da kyau, ita tana wata unguwa, kai ko layi ɗaya kuke, gida da gida na bambanta, ya danganta da inda ƙarfen sabis yake da kaurin bangonku da rufin kwano. Ki ari layukan mutanen gida da maƙwabta, kowane kamfani guda, ki sa a wayarki ki gwada a daidai inda za ki aje rautar, jikin taga ko saman kabad, ki gwada da hantsi sannan ki sake gwadawa tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare lokacin da kowa ya dawo gida ya hau, don layin da ke gudu da asuba yana iya zama kunkuru bayan isha'i. Gwajin ba wani abu ba ne, ɗora bidiyo ɗaya a status ki ga minti nawa zai ɗauka, ki kira wata ta bidiyo ki ga ko yana yankewa. Wanda ya ci jarrabawa shi ne naki. Gani ya kori ji.

Daga nan zaɓi biyu ne a gabanki. Akwai mifi, 'yar ƙarama mai batir a cikinta, tana shiga jaka ki tafi da ita kasuwa, in an ɗauke wuta tana ƙara wasu awanni, sai dai ba ta da ƙarfin jawo sabis kamar babba, kuma zafin garin nan na watan Afrilu da Mayu da ke haura 40 yana kumbura batirinta in ana barinta jone da caji kullum. Akwai kuma rauta ta 4G mai zama wuri ɗaya, ta fi jan sabis musamman mai eriya, tana ɗaukar wayoyin gida duka, wutar da take ci kuma wajen wat goma ne, ƙaramin batir na rauta ko fawa bank mai igiyar da ta dace ya ishe ta yini. Dubi tazarar, wat goma da wat 75 zuwa 100. Ni a ganina rautar ta fi dacewa da ke tunda matsalarki cikin ɗaki ce, ki bar 'yar data kaɗan a layinki ta fita. In za ki saya ki tambaya ko a kulle take da layin kamfani ɗaya ko tana karɓar kowane sim, ta kamfani ta fi araha kuma sau da yawa da kyautar data a farko, buɗaɗɗiyar ta fi tsada amma ranar da layin ya lalace a unguwarku sai ki zare ki sa wani. Kada mai shago ya rinjaye ki da ta 5G sai kin tabbatar 5G ɗin na kamawa a gidanku, in ba haka ba kin sayi doki ne kin ɗaure a turke. Ƙunshin da suke ce ma anlimited kuma, wato wai mara iyaka, ki tambayi iyakarsa, don galibi akwai adadin gigar da in kin kai sai a rage maki gudu har ƙarshen wata, ki sa mai sayarwa ya nuna maki a rubuce. In kuwa har wayar faiba, wato intanet ɗin da ake jawowa da waya har cikin gida, ta iso unguwarku to ki tambayi kuɗin jawowa da na wata, don in ana maganar gida mai mutane da yawa ita ce ba ta da na biyu wajen tsayuwa, amma in ba ta iso ba kada ki ɓata lokacinki. Sim ɗin rautar ki yi rajistarsa da lambar NIN ɗinki ke da kanki, fasuwod kuma ya zauna a hannunki da na maigida, in kin ba yaro ɗaya kin ba unguwa.

Duk wannan da rautar da ƙaramin batirinta da ƙunshin wata na farko ba za su ci rabin adashinki ba, kuma in bai yi maki ba bayan wata biyu kina iya saida ta ko ki canza layi, asarar kaɗan ce. Wannan shi ne babban bambancinta da wancan, shiga ba wuya fita ba wuya. Kayan haɗaka a gidan gado kuwa shiga ne da sauƙi. Gobe yaron nan ya samu aiki Abuja ko ya yi aure ya tare a Bado, farantin na wa? Asusun da sunan wa aka buɗe, da katin wa ake biya? In kun samu saɓani da facala ranar da ba ta biya ba, wa zai canza fasuwod ya hana 'ya'yanta, kuma wa zai iya haɗa ido da Inna bayan nan? Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke raba zumunci, ba ƙin bada kuɗi tun farko ba.

Yanzu maigida, don shi ya fi damuna a cikin saƙon nan fiye da duk wata rauta. Kwana biyar ba magana ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina zaton ba kuɗin ne kaɗai ke cinsa ba. Ki duba ta wurinsa, ƙanensa ya zo da magana gaban mahaifiyarsu, shi ne babba a kansa amma aljihunsa ba zai iya ba, wataƙila ma ya riga ya ce ai ba matsala maman yara za ta kawo, sai ga shi kin ce sai kin yi tunani, ya ji kamar an kwance mashi zani a kasuwa. Kalmar rowa da ya jefe ki da ita ba daidai ba ce, dukiyar mace tata ce a addini ba mai iko da ita sai da yardarta, shi ma a matsayinsa na malami ya sani. Amma kada ki buɗe zancen da wannan, in kin fara da haƙƙina haƙƙina to kin rufe ƙofar. Ki bari sai dare yara sun kwanta ya ci abinci, ki ba shi haƙuri kan yadda abin ya zo mashi ba shiri, sannan ki ɗauko takardarki ki ce Malam don Allah duba min lissafin nan ko na yi kuskure. Ki bar shi ya raba 57,000 da uku da hannunsa, ya tambayi kansa wa zai sayi batir. Namiji ya fi riƙe amsar da ya gano da kansa. Ki nuna mashi abin da wayar ta nuna ko da TikTok ɗin ne a sama, ki yi dariya ki ce ka ga ka fi ni gaskiya a nan, na rage. Wannan ɗan sassaucin zai saye maki abu mai yawa. Ki kuma tuna mashi a hankali inda ribar kayan Sallah ke zuwa, ɗinkin yara, cefane ranar da albashi ya yi jinkiri, ba da gori ba, don ya ga cewa jarin nan rufin asirinsa ne shi ma.

Inna kuma kada ki je ki yi mata lissafin wat da giga, ba shi ta tambaye ki ba, ita dai ta ji an ce ɗanta na neman taimako. Maigida ne zai yi mata bayani, ɗa da uwa sun fi kusa. Ke naki ki ci gaba da gaisuwa da ɗan abin da kinka saba kai mata, ko turaren wuta ne ki ƙara mata, kada ta ga sauyin fuska.

Shi kuma yaron, a nema mashi hanya don buƙatarsa gaskiya ce, aikinsa ne abincinsa. Akwai ƙaramin Starlink da suke kira Mini, ya fi babban araha kuma wutarsa wat 25 zuwa 40 ce, ga mutum ɗaya da kwamfutarsa ya isa har ya yi yawa, ya bincika farashinsa na yau. Ya saya da kuɗinsa ya zama nashi shi kaɗai ba gardama, duk wanda ke so a gidan ya jona sai ya riƙa ba shi wani abu a wata, wanda ya gaza ya sauka ba faɗa. Ko kuma shi ma ya fara gwada rauta a ɗakin zauren, wataƙila ma ta ishe shi tunda zaure ya fi kusa da titi. In zuciyarki ta ga za ki taimaka, kuma zan so ki taimaka in da hali don gobe ma rana ce, to ki yanke abin da in bai dawo ba ba zai karya ki ba, 30,000 ko 40,000, ki ba shi ta hannun maigida. In kyauta ce ki ce kyauta ce ki manta da ita. In rance ne a rubuta da ranar biya maigida ya sa hannu, kuma kada kowa ya ce maki rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne ki bada kuɗi a bar shi a lulluɓe, ke kina ɗauka rance ne, su suna ɗauka gudummawa ce.

In maigida ya dage sai dai haɗakar, to ki ce kin yarda da sharaɗi uku, a raba kuɗin kaya daidai ba wanda zai fi wani, kowa ya kawo nashi a hannu kafin a saya ba wai ke ki fara bayarwa sauran su biyo baya ba, sannan a bari sai bayan Sallah kin juya kuɗinki. Ina tabbatar maki kafin a cika sharaɗi na biyu maganar za ta canza kama da kanta ba tare da kin ce a'a ba. Facalarki da ta yi shiru ma ina jin addu'a take kada abin ya tabbata, ki ɗan taɓa ta da zancen a wajen girki ki ji.

Ranar kwasar adashin kuma kada kuɗin su kwana a ɗakinki ko a asusun da kowa ya san da shi. Tun yanzu ki yi magana da wanda kike saro kaya wurinsa ya ware maki, ranar da uwar adashi ta miƙo maki ki tura mashi, ki bar na rauta da ɗan abin da kinka yanke za ki ba yaron. In wata ya cika da rautar ki rubuto min nawa kinka kashe da kuma wace manhaja ce ta zo ta ɗaya a wayar, ina son in ji ko Malam ne ya ci gardamar.